Sufeto da Ƙafar Tela

Ba 'yar sanda ba ce, ba ta taɓa sa kaki ba, amma duk layin Sufeto ake ce mata, har 'ya'yan cikinta in sun kulle ƙofa suna gulmarta. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan tun suna sababbin aure, ranar da ya dawo daga shago ta kama hannun rigarsa ta shinshina, ta ce wannan turaren ba na gidan nan ba ne. Ya yi dariya ya ce na wani mai kawo ɗinki ne da ya rungume shi don murna. Ita ba ta yi dariya ba. Washegari ta je har shagon ta ja kujera ta zauna, sai da mutumin ya zo karɓar sauran kayansa, ta ji ƙamshin da hancinta, sannan ta koma gida ta ɗora girki.

Ba mugunta ba ce, kada a ɗauki alhakinta. Ita ce babba a gidansu, uwarsu na fita aiki tun safe ta bar mata tarin ƙanne, kuma duk wanda ya yi renon ƙanne ya san ƙarya tun tana rarrafe. Tun tana yarinya ta iya duba yatsu, ta iya shinshina baki, ta iya yin tambaya ɗaya sau biyu ta hanyoyi daban ta ga ko amsar za ta canza. Da ta girma sai abin ya bi jikinta. Mai nama bai isa ya auna mata ba sai ta leƙa ƙarƙashin sikeli. In maƙwabciya ta yi mata murmushi da sassafe, takan wuni tana neman dalili.

Sai ga shi ta faɗa hannun tela. Ƙawayenta suka ce ta samu aikin yi har ta mutu, don kowa ya san tela da "gobe in Allah ya yarda". Amma nata Telan ba irin wannan ba ne. In ka zo neman ɗinkinka bai taɓa ba, zai dube ka ya ce, "Ban fara ba." In yadinka bai da kyau zai faɗa maka a gaban wanda ya rako ka. Masu kawo ɗinki da yawa sun gudu saboda haka, wasu kuma sun dawo saboda haka. Sufeto ta shafe fiye da shekara talatin tana ɗana masa tarko, tana jiran ranar da za ta kama shi da ƙarya ko da 'yar mitsitsiya ce, ba ta samu ba. Abin yana ba ta haushi, kuma a can cikin ranta shi ne abin da ta fi taƙama da shi a duniya, duk da ko za a yanka ta ba za ta faɗa masa ba.

Tela mutum ne mai jiki, kuma zaman keke ya ƙara masa. Shagonsa ɗan tsukuku ne, daga ƙofa zuwa bango yadi ne rataye, ga madubi mai tsaga a kusurwa, ga benci da aka ƙara wa katako don ya ɗauke shi. Nan yake wuni daga safe har duhu, kofin shayi a gefe, duk mai talla da ya wuce sai an tsayar da shi. Har ta kai tef ɗin awonsa ba ya zagaye cikinsa, sai ya haɗa biyu ya ɗinke, yana nuna wa mutane yana dariya. Keken nasa na ƙafa ne, tsoho, baƙi. Yara sun sha cewa za su sa masa inji, ya ce a'a, ƙafarsa ta dama ta fi inji sanin yadi, ita ke gaya masa inda zai yi gudu da inda zai lallaɓa. Da wannan ƙafar aka ciyar da gidan, da ita aka yi karatun yara.

Zarginta ne ya fara ceton ransa. Wata safiya tana gyaran gado ta ga ɗigon wani abu mai ruwan ƙasa a ƙarshen zanin gado. Wata matar da sai ta jefa a wanki. Ita kuwa ta bi shi har bakin ƙofa ta ce ya cire takalmi. Ƙarƙashin babban yatsansa na dama fil ne ya shige har kai, wurin ya kumbura yana ruwa, shi kuma ya ce ko alama bai ji ba. Nan ma ta ɗauka ta kama shi, don wa zai taka fil bai ji ba? Sai da suka je asibiti ta gane gaskiya ya faɗa.

Likitan dogo ne mai saurin magana, ga alama ya gaji. Ya matsa yatsan, ya sa aka ɗora Tela a sikeli, ya duba sakamakon jini, sannan ya ce a ba shi gado.

"Ciwon sikari ne, Mama, kuma ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Shi ya kashe masa jin ƙafar. Ga kuma ƙiba. In muka samu sikarin ya sauka, ciwon zai kama warkewa. In ya ƙi sauka, yatsan zai tafi, wataƙila ma abin ya wuce yatsa."

"Ya tafi ina?" in ji Sufeto.

"A yanke."

Ta dubi Tela. Tela yana kallon ƙafarsa.

"Saboda haka," likita ya ci gaba, "daga yau ba zai ci komai ba sai abin da kicin ɗinmu ya auna ya kawo. Ko loma ɗaya daga waje ban yarda ba."

"To, sha fa?"

"Sha kam ya sha sosai, kada ya zauna da ƙishi. Amma ban da lemon kwalba, ban da shayi mai sikari. Duk abin da aka zuba wa sikari, a'a."

Ta maimaita masa, kamar yadda ta saba, don kada gobe ya ce ba haka ya faɗa ba. "Ci babu. Sha akwai, muddin ba a zuba sikari ba."

"Haka ne," ya ce, idonsa ya riga ya koma kan mai gado na gaba.

Tun daga ranar ɗakin maza ya samu mai gadin da ba a ɗauka aiki ba. Dogon ɗaki ne, gadaje jere hagu da dama, kowane gado da 'yar durowarsa, fanka ɗaya tana ƙara ɗaya ta mutu. Sufeto ta kafa kujerarta ta roba tsakanin gadon Tela da hanya, yadda babu ɗan dubiyar da zai kai gare shi bai bi ta gabanta ba. Mai Guga, amininsa da shagonsu ke jikin juna, ya zo yana sallama yana fara'a, ta ce ya juye aljihu. Ya ce, "Haba matarmu, ni ne fa." Ta ce ta san shi ne, shi ya sa. Dabino biyu suka faɗo. Ta ƙwace, ta kuma faɗa masa abin da bai ji ba tun yana yaro.

Wadda abin ya fi yi wa zafi ita ce Yaya, babbar yayar Tela, wadda ta goye shi yana jariri kuma har yau take ganin ba a iya ciyar da shi a gidan aurensa. Ta iso da kula uku da ƙyar take ɗauka. Sufeto ta tare ta a bakin ƙofa.

"Yaya, a yi haƙuri, likita ya hana."

"Likita ya hana, ko ke kika hana? Ɗan'uwana zai mutu da yunwa ina raye?"

"Ba zai mutu ba. Ki koma da su, yara su ci."

Yaya ta koma da kulolinta, amma ta bar magana a bakin ƙofa: in wani abu ya sami ƙaninta, ta san wadda za ta riƙe.

Yunwar kuwa gaskiya ce. Mai rabon abinci kan turo kekenta ta ajiye masa faranti: 'yar shinkafa da ba ta fi cikin tafin hannu ba, wake kaɗan, ganye da yawa, yankan kifi ɗaya. Ranar farko Tela ya juya farantin ya ce, "'Yar nan, wannan ai ƙyalle ne. Ina yadin?" Duk ɗakin aka yi dariya. Bayan 'yan kwanaki ya daina wasan. Yakan cinye, ya suɗe cokali, ya bi keken abincin da ido har ya fice. Sufeto na gani, zuciyarta na ƙuna. Mutumin da bai taɓa tashi daga gaban abincinta da sauran wuri a ciki ba, yau shi ne ke tsince ƙwayar shinkafa a kan zanin gado. Ta zauna ta yi tunani, ta juya maganar likita gaba da baya, har ta ga ƙofar da ya bari a buɗe.

Da yamma akan bar masu jinya su fitar da marasa lafiya su sha iska. Sufeto takan nemi ma'aikata biyu su ɗora Tela a keken marasa lafiya, shi kuma kullum sai ya ce daga keke sai keke, haka tasa rayuwar ta zo. Takan tura shi ta bayan ɗakin, inda wata baranda take fuskantar doguwar katanga, babu kowa sai igiyoyin shanya. Ba ɓuya take yi ba, a ganinta. Ƙudaje take gudu, kuma ba ta ga dacewar a sha abu a gaban ɗaki guda na mayunwata ba. Nan ta buɗe jakarta ta fito da wuƙa da mangwaro manya, nunannu.

"Anya, Sufeto?" in ji Tela, yana haɗiyar yawu.

"Anya me? Ka taɓa jin an ce an ci mangwaro? Sha ake yi. A gabanka na tambaye shi, ya ce sha ba laifi in ba a zuba sikari ba. Wa ya zuba wa mangwaro sikari?"

Tela ya auna maganar, bai ga inda ta karkace ba. Ya karɓa.

Washegari ta ƙara da kankana. Bayan nan rake, ta feƙe shi tun a gida ta yanka ƙanana don kada ya wahala. Ba ta sassauta doka ba ko kaɗan. Ranar da ya ce yana marmarin ayaba, ta harare shi ta ce, "Ayaba ci ake yi. Ka manta da ita." Ɓawo da ƙwallo da tuƙar rake duk takan ƙulle a leda ta tafi da su gida, don ita ba ta barin ƙazanta a bayanta. Wannan ɗan lokacin na baranda shi ne mafi daɗi a wuninsu. Tana yanka tana miƙa masa, yana ba ta labarin masu kawo ɗinki na da, har takan manta ta tambaye shi ko gaskiya ne.

Sai dai sikari ya ƙi sauka. Da safe in an huda yatsansa an ɗiga jinin a 'yar na'ura, abin kan zo da dama-dama. Gwajin bayan yamma kuwa sai ya yi sama kamar ba a yi allura ba. Sista, babbar ma'aikaciyar jinyar ɗakin, mace mai furfura a goshi wadda ba ta ɗaga murya, takan tsaya da na'urar a hannu ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, ka ci wani abu ban da namu?"

"Ban ci ba, 'yata."

"Mama, kin ba shi wani abu ya ci?"

"Ni? Ni da nake kwana ina tashi a kan ƙofar nan? Ki tambayi ɗakin nan kaf, wa ya kai ni hana shi ci?"

Aka ƙara masa allura. Sikari bai ji ba. Aka sake ƙarawa. Wata rana ta dawo daga wankin kwano ta tarar da ƙananan ma'aikata biyu suna bincike a durowarsa, har da ɗaga katifa. Ita, Sufeto, yau ita ake zargi! Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ce musu su duba da kyau, in sun gama ita ma za ta fara nata.

Ta kuwa fara. Ta sa wa wani tsohon Direba da ke gadon kusa ido, don ta taɓa jin ƙarar ledar biskit daga wajensa, har ta matsar da durowa ta raba tsakaninsu. Ta bi mai rabon abinci har ƙofar kicin tana tambaya ko hannu ɗaya ke dafa na masu sikari da na sauran, ko kuwa cokali ɗaya ake juyawa da shi. Ta zargi na'urar kanta, ta miƙa yatsanta ta ce a gwada ta a gani, aka gwada, ta fito lafiya lau, ta ce wannan ma abin dubawa ne. Ta zargi Yaya da aiko wani a ɓoye. Daga ƙarshe, da duk hanyoyi suka toshe, ta juyo kan Tela.

Wannan ne ya fi mata ciwo. Shekara da shekaru tana son ta kama shi, yanzu kuma tana roƙon Allah kada ta kama shi. Ta ajiye gutsuren burodi a durowarsa ta ɗora siririn zare a kai, ta tafi gida. Da ta dawo burodi na nan, zare na nan inda ta sa shi. Ta sunkuya kamar za ta gyara masa matashi ta shinshina bakinsa, ba ta ji komai ba sai ƙamshin mangwaro, wanda ta san da zamansa.

"Malam, ka dube ni. Ka ci wani abu?"

"Sufeto, yaushe na fara yi miki ƙarya?"

Ta gyara masa matashin ta koma kujerarta. Da aka zo wankin ciwo ta leƙa ta kafaɗar mai wankin, ta ga kan yatsan ya fara baƙi, baƙin kuma yana gangarowa. Likita ya daɗe yana kallo, kuma kallon nan ya fi maganarsa ba ta tsoro. Ta fita baranda ita kaɗai ta yi kuka, ta wanke fuska, ta dawo. Da yamma ta zaɓo masa mangwaron da ya fi kowane girma, don ta ga ransa a ɓace.

Ana cikin haka 'yarsu ta fari ta fara naƙuda a can wani gefen gari. Dole Sufeto ta tafi, bayan ta ja kunnen duk wanda ke ɗakin har da Direba. Ta wuni a can, aka sauka lafiya, ko jaririn ba ta tsaya ta gani da kyau ba ta kamo hanya. Rana ta kusa faɗuwa ta shigo ɗakin maza, ta hango mutane a kan gadon Tela. Yana jingine, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, hannunsa na rawa, idonsa ya yi wani iri. Sista na riƙe da kansa, wata ƙaramar ma'aikaciya tana ba shi wani abu a kofi. A kan durowa ga gwangwani a buɗe da cokali a ciki. Sufeto ta dangwala yatsa ta lasa.

"Sikari!" Muryarta ta cika ɗakin. "Ashe ku ne! Ku hana da baki, ku ba shi da hannu in na ba da baya! Yau Allah ya tona asirinku!"

Sista ba ta ko waiwayo ba sai da Tela ya dawo hayyacinsa, aka sake gwada shi, ya ce yana ganin kowa. Sannan ta kama hannun Sufeto ta ja ta zuwa ɗan ɗakin da suke ajiye magunguna, ta rufe ƙofa, ta ba ta kujera.

"Mama, yau sikarinsa ba hawa ya yi ba, faɗuwa ya yi, har ya kusa suma. In ya faɗi haka dole a ba shi sikari, in ba haka ba a rasa shi. Allurar da muke ƙara masa don ta tare abin da ke hawa da yamma ce. Yau allurar ta fito, ba ta tarar da abin da ta saba tararwa ba. To, me ya bambanta yau da jiya?"

"Yau ba na nan."

"Shi ne nake so mu duba."

Sufeto ta miƙe tsaye. "Au, ni kike nufi?"

"Zauna, Mama. Na san ba ki taɓa ba shi abin ci ba, na yarda da ke. Mu bar maganar ci. Ki faɗa mini duk abin da ke wucewa ta maƙogwaronsa, daga safe har dare, ko ruwa ne."

Wannan tambaya ce irin tata, don haka ta zauna, ta gyara murya, ta fara jerowa da alfahari, don babu abin da ya taɓa wuce mata. Ruwa da asuba. Ƙwayoyin safe. Abincin kicin. Ruwa. Na rana, ta faɗi har yawan ganyen. Ruwa kuma.

"Da yamma in mun fita baranda sai ya sha mangwaro, wani lokaci biyu, in yunwa ta matsa uku. Ya sha kankana. Ya ɗan sha rake. Shi ke nan sai na dare."

Sista ta ajiye abin da ke hannunta a hankali.

"Kullum?"

"Kullum. Likita da bakinsa ya ce sha ba laifi in ba a zuba sikari ba. Ayaba ma da ya roƙa hana shi na yi."

Sista ta dafe kai da hannu biyu. "Wayyo ni. Mu ma a gidanmu sha muke cewa. Sau nawa na tsaya a kanku ina tambaya ko ya ci, ko ya ci, ban taɓa cewa ko ya sha ba." Ta ɗago ta dube ta, babu faɗa a idonta. "Mama, sikarin nan da ake zubawa a shayi, daga jikin me ake yin sa?"

Sufeto ta buɗe baki za ta ba da amsa, don ta sani, kowa ya sani. Daga rake ne. Ta ga hannunta yana feƙe rake da safe, tana yanka shi ƙanana don kada ya wahala.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a zaune ba. Sista tana ta magana, tana cewa laifin ba nata ba ne ita kaɗai, su ma ba su yi bayani yadda ya kamata ba, tana cewa ko mai ciwon sikari yakan sha ɗan yanki in an auna masa, yawan ne matsala. Sufeto ba ta ji rabin abin ba. Ta binciki Direba, ta binciki kicin, ta binciki na'ura, ta binciki mijinta da bai taɓa yi mata ƙarya ba. Jaka ɗaya ce tak a ɗakin nan ba a taɓa buɗewa ba, kuma a kafaɗarta take.

Sista ce ta gaya wa Tela da safe, a hankali, labule a ja. Abin da ya ce kawai, "To." Sufeto ta jira ya ƙara wani abu, ya yi mata gori, ko ya yi mata irin wasansa mai cizo. Bai yi ba. Da yamma ya ce ta tura shi baranda kamar kullum, suka zauna suna kallon shanya, ya sha ruwa, ya ba ta labarin wani ango da ya taɓa ɗinka wa wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya.

Daga nan sikari ya kwanta, aka rage allura, har wandon Tela ya fara yi masa yawa. Amma baƙin yatsan bai koma ba. Likita ya ce za a cire babban da na kusa da shi, sauran ƙafar ta tsira. Ya kuma ja Sufeto gefe ya ce mata tun ranar da suka zo yatsan ya riga ya yi nisa, mai yiwuwa ko da mangwaro ko babu da sai an kai ga haka. Ta gyaɗa kai ta yi godiya. Ba ta yarda ba. Ba ta taɓa yarda da maganar da aka faɗa don a kwantar mata da hankali ba, kuma ba yau za ta fara ba.

Bayan an yi aikin an dawo da shi ɗaki, ƙafar na naɗe da farin bandeji a kan matashi, guntuwa ta gefe ɗaya, Yaya ta iso. Ta tsaya a ƙarshen gado ta daɗe tana kallo, hawaye na zuba. Sannan ta juyo.

"Na ji an ce wani abu ake ba shi a ɓoye, shi ya hana ciwon warkewa. Ni an kore ni da abincina kamar baƙuwa. To, yau ina so in ji, wa ya ba shi? Ke da kika ce ko ƙuda ba ya wucewa ta gabanki, wa ya ba shi?"

Mai Guga da ke zaune a gefe ya sunkuyar da kai. Sista tana can wajen gadon Direba, ta tsaya cak da faranti a hannu. Sufeto ta miƙe, ta buɗe baki.

"Ni ne, Yaya," in ji Tela.

Duk aka juyo gare shi.

"Ni ne. Akwai mai tallan mangwaro da ke bi ta bayan katanga. In ta tafi wankin kwano sai in kira shi, ya miƙo mini ta sama. Ba ta sani ba. Kwaɗayina ne ya ja mini."

Yana maganar yana naɗe bakin zanin gado da yatsu kamar mai shirin yin kalmasa, idonsa na kan bango. Yaya ba ta yi ko ɗigon shakka ba, don tun yana goye ba ta taɓa jin ya faɗi abin da ba haka ba. Ta rufe shi da faɗa, ta ce tun yana yaro cikinsa ne ubangidansa, ta ce ya dubi yadda baiwar Allah nan ta rame a kansa. Har ta dafa kafaɗar Sufeto ta ce ta yafe mata abin da ta faɗa a bakin ƙofa. Sista ta ci gaba da aikinta.

Sufeto na tsaye. Tambaya ɗaya ta isa ta rushe labarin nan, ita kuwa tana da goma. Mutumin da sai ma'aikata biyu sun ɗaga shi, yaya ya kai bakin katanga? Da wace murya ya kira, ɗaki guda bai ji ba? Ba ta taɓa jin ƙaryar da aka ɗinka da muni irin wannan ba, duk zaren a waje. Ta koma ta zauna.

Sai da 'yan dubiya suka watse, ɗakin ya koma ƙarar fanka, sannan ta matso da kujerarta jikin gadon. Ta daɗe tana kallon bandejin.

"Malam," ta ce, muryarta can ƙasa, "katangar nan ko kana tsaye ta fi ka tsawo."

Tela ya juyo da kai ya dube ta, ya yi ɗan murmushi irin na wanda ya gaji.

"To, kin kama ni, Sufeto."

Abin da ta shekara talatin tana jira ke nan. Ta kifa fuskarta a kan hannunsa ta yi kuka mai yawa, bai hana ta ba. Da ta gama ta share ido da gefen zaninta, ta tashi ta gyara matashin da ke ƙarƙashin ƙafar, ta tsiyaya ruwa a kofi ta miƙa masa.